Yadda Addu'a Ta Ɗauki Wurin Laya a Ƙasar Garwa

A wannan biki na Jubili ya kamata mu tuna da irin nauyin da masu bi na fari suka sauke, da abin da suka riƙe a madadinsa.

A shekara ta 1918 Ikkilisiyar Lutheran Brethren ta Amurka ta aiko Berge Revne da matarsa Herborg zuwa Afirka. Suka fara zama a Nijeriya, daga baya suka nufi ƙasar da ke hannun Faransa. Hukuma ba ta ba su izini da sauri ba, sai a 1923 aikin ya kafu sosai. Revne ya yi aiki cikin Masa a Yagwa, abokin aikinsa Kaardal kuwa cikin Mundang a Lere ta ƙasar Cadi. Garwa, garin da a dā jiragen ruwa daga Nijeriya suke isowa ta kogin Binuwai da damina, ita ce ta zama mazaunin ikkilisiyar da ta fito daga wannan aiki.

Mutanen da suka ji Bishara ba marasa tsoron Allah ba ne. Amma tsoron wasu abubuwa ya fi kusa da su. In yaro ya yi zazzaɓi, akan ce maye ya kama kurwarsa. In gero bai yi ba, akan ce an saɓa wa kakanni, sai an yi yanka. Saboda haka mutum yakan ɗaura laya a damtse, ya binne magani a bakin ƙofa. Sa'ad da irin wannan mutum ya tuba, ya cire layunsa, daren farko ba ƙaramin abu ba ne gare shi, gama ya kwanta ba kariyar da ya saba da ita.

Akwai kuma wani nauyi na ciki, wanda a ganina ya fi na waje wuya. Sabon mai bi ya bar hadayar gidan ubansa. Kashegari in ɗansa ya kwanta ciwo, dangi sukan ce shi ya jawo. Shi ma zuciyarsa takan fara gaya masa haka. Ga kuma zunuban dā, sata ko zina ko maganin da ya taɓa nema a kan ɗan'uwa, suna dawowa da dare. Littafi Mai Tsarki ya nuna Shaiɗan mai kai ƙara ne, kuma da laifin da mutum yake ɓoyewa yakan fara.

Abin da masu wa'azi suka koyar a kan wannan tsohon abu ne. Addu'ar Ubangiji ta sa roƙon gafara a gaba, roƙon kuɓuta daga Mugun yana biye. Haka kuma Martin Luther ya yi a Ƙaramin Katakisim na 1529: a addu'ar kwanciya barci mutum yakan fara neman gafarar laifin yinin, sa'an nan ya ba da jiki da rai a hannun Allah, ya roƙi tsaron mala'ika daga maƙiyi. Luther kansa ya sha irin wannan yaƙi da dare, ba da labarin wani yake koyarwa ba. To, wanda ya tabbata an gafarta masa saboda jinin Yesu, mai kai ƙara ba shi da sauran shaida a kansa.

Sai dai jarabar mai da addu'a laya ba ta rabu da mu ba. Wani yakan sa Littafi ƙarƙashin matashin kai, bai buɗe ba. Wani yana so a ba shi kalmomin da zai maimaita. Shi ya sa Mishan ta dage a kan karatu da juya Maganar Allah cikin harsunan mutane, domin mai roƙo ya san abin da yake faɗa da Wanda yake faɗa wa. Masu jin Hausa sun sami Littafi Mai Tsarki duka tun 1932. Masu Fulatanci, harshen kasuwar Garwa, sai da suka jira har 1983, shekara sittin bayan samun izinin nan.