Gadon gona jiya da yau

Mai karatu, in kana da gona kuma furfura ta fara fito maka, wannan labari naka ne.

A zamanin kakanninmu daji yana da faɗi, mutane kaɗan ne. Wanda ya sari daji da iznin maigari, wurin ya zama nasa da zuri'arsa. Gida duka gandu guda ake nomawa. Maigida ya yanka wa mata da samari gamana. In ya rasu, ƙanensa ko babban ɗansa ya riƙe gandu, ba a rabawa. Iyaka kuwa gamba ce, ko itacen gawo, ko shaidar tsofaffi.

Sai mutane suka yawaita. A 1960 mutanen Nijar wajen miliyon 3 ne. Ƙidayar 1977 ta samu fiye da miliyon 5, ta 2012 kuma miliyon 17. Ƙasa ba ta ƙaru ba. A kudancin Maradi da Damagaram daji ya ƙare. Gandu ya fara tsagewa, kowane ɗa yana son kasonsa. Gamanar mata ta ragu, har mata da yawa suka fara neman gadonsu ta hanyar shari'a.

A watan Disamba na 1974 shugaba Seyni Kountché ya sanar cewa duk mai noman gona, ta ci gaba da zama a hannunsa. Waɗanda suka ari gona suka yi murna. Amma rigima ta biyo baya. Tsoho ya ba da aro da baki, shaidu sun mutu. Ƴaƴansa su ce aro ne, ƴaƴan wancan su ce kyauta ce. Wa za a tambaya?

Ranar 2 ga Maris 1993 gomnati ta fitar da dokar karkara. Dokar ta yarda da mallakar gargajiya, ta ba ta kariya daidai da mallakar takarda. An kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo. Ta hanyarsu ake rubuta takardar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro da ta jingina. In gardama ta tashi, maigari ko sarki ne ke fara sulhu. In abin ya gagara, sai gaban alƙali.

Ga kuma abin da shari'ar Musulunci ta tsara tun da daɗewa. Bayan jana'iza a biya bashi, sannan wasiyya, sannan a raba gado. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji ita. Ɗa namiji yana da rabon mata biyu. Matar mamaci tana da kashi ɗaya cikin takwas in akwai ƴaƴa, ɗaya cikin huɗu in babu.

To, ɗan'uwa, kada ka jira ciwon ajali. Tara ƴaƴanka, maza da mata. Zaga da su iyakokin gonakinka tare da maƙwabta. Faɗi wadda ka gada, wadda ka saya, wadda ka ara, da wadda ke jingine a hannunka. Faɗi bashin da ake bin ka da wanda kake bi. A rubuta gaban maigari da shaidu. Karanta takardar da kanka kafin ka sa hannu, ka adana ta inda gara da ruwa ba su kai.

Gona ɗaya ta raba ƴan ɗaki ɗaya a garuruwa da yawa. Kada taka ta shiga cikinsu.