MASU RIƘE DA HATIMI DA MAKULLI: Tarihin Muƙamai a Zamanin Littafi Mai Tsarki

A wannan biki na cikar shekara 50 za a ambaci sunayen fastoci da masu bishara, kuma ya dace a ambace su. Ni dai ina so in jawo hankalinmu ga wasu mutane waɗanda mukan tsallake sunayensu in muna karatu: magatakarda, ma'aji, hakimi, mai karɓar haraji, sarkin gida. Mu mutanen ƙasar Gwarzo da Kabo bai kamata waɗannan su zama mana baƙi ba. Mun tashi mun tarar da mai unguwa a ƙarƙashin dagaci, dagaci a ƙarƙashin hakimi, hakimi a ƙarƙashin Sarki. Talaka kuwa yakan tsufa bai taɓa shiga fada ba, mulkin da ya sani shi ne na mutumin da yake zuwa ƙofar gidansa. Haka abin yake a Isra'ila.

Muƙami na farko da Isra'ilawa suka riƙe a kan 'yan'uwansu ba mai daɗi ba ne. A Fitowa sura 5, Fir'auna yana da shugabannin gandu Masarawa, su kuma suka naɗa waɗansu Isra'ilawa su lura da aikin tubali. Da aka hana ciyawar kwaɓi, yawan tubalin da ake bukata bai cika ba, waɗannan masu lura aka kama aka yi wa dūka. Suka kai kuka wurin Fir'auna, ya kore su. Da suka fito sai suka sauke fushinsu a kan Musa da Haruna. Dattawan da suka ga zamanin En'e sun san irin wannan matsayi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, haraji da jangali ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa ake tara su. In kuɗi bai cika ba, na sama ya matsa wa mai unguwa, na ƙasa kuma ya tsine masa. Sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano.

A jeji ne aka fara tsari na kirki, kuma shawarar ta fito daga bakin baƙo. Yetro, surukin Musa, firist ne na Madayana. Ya ga Musa yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya ce masa wannan zai gajiyar da shi da jama'a duka. Sai aka naɗa shugabanni na mutum 1,000, da na 100, da na 50, da na 10, ƙananan ƙararraki su ƙare a hannunsu, manya su kai ga Musa. Abin da aka nema a wurinsu huɗu ne: iya aiki, tsoron Allah, gaskiya, da ƙin cin hanci. Ba a tambayi gidan da mutum ya fito ba. Da suka zauna a Kan'ana, dattawan gari suka zama kotu, ƙofar gari kuma ta zama zauren shari'a. A nan Bo'aza ya tara dattawa 10 suka shaida cinikin gonar Na'omi da auren Rut, aka tuɓe takalmi a maimakon sa hannu.

Sarauta ma cin hanci ne ya jawo ta. 'Ya'yan Sama'ila, Yowel da Abaija, alƙalai ne a Biyer-sheba, suka riƙa karɓar toshi suna karkata shari'a. Dattawa suka gaji suka ce a ba su sarki. Sama'ila ya gargaɗe su cewa sarki zai ɗebi 'ya'yansu maza don yaƙi da noma, 'ya'ya mata don aikin fada, ya karɓi ɗaya bisa goma na hatsi ya ba fadawansa. Ba su ji ba.

A zamanin Dawuda jerin manyan fada gajere ne: Yowab shugaban yaƙi, Yehoshafat marubucin tarihi, Seraiya magatakarda, Benaiya shugaban masu tsaron sarki, da firistoci biyu. Amma a jeri na biyu, wanda yake a 2 Sama'ila sura 20, an ƙara wani sabon muƙami, wato shugaban aikin tilas. Wannan ƙaramin ƙari shi ne daga baya ya tsaga ƙasar biyu. Sulemanu ya raba ƙasa gunduma 12, kowane hakimi ya ciyar da fada wata ɗaya a shekara, biyu daga cikin hakiman kuwa surukan sarki ne. Abincin fada na rana ɗaya ya haɗa da shanu 30 da tumaki 100, ban da gari da namun jeji da kaji. Ku lissafa na wata guda, sa'an nan ku tuna daga garken talakawa yake fitowa. Ban da wannan, aka ɗebi mutum 30,000 don sarar katako a Lebanon, 10,000 kowane wata, a ƙarƙashin Adoniram. Iyayenmu sun ga makamancinsa tsakanin 1942 da 1944, lokacin da aka riƙa ɗiban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da ake kira ɗiban gwamna.

Da Sulemanu ya rasu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, jama'a suka taru a Shekem suka roƙi ɗansa Rehobowam ya sassauta. Tsofaffin fadawa suka ce ya yarda, samarin da suka tashi tare da shi suka ce ya ƙara tsanani, ya bi ta samari. Da tawaye ya tashi, wa ya aika ya lallashi mutane? Shugaban aikin tilas da kansa! Suka jajjefe shi har ya mutu, sarki ya hau karusa ya gudu Urushalima, kabila 10 suka balle. Haikalin yana nan da zinariyarsa, amma ƙasar ba ta sake haɗuwa ba.

A ganina, inda tarihin nan ya fi koyarwa shi ne inda ma'aikata biyu suke ƙarƙashin mugun sarki ɗaya, kowa ya ɗauki hanyarsa. A zamanin Ahab, Obadiya shi ne sarkin gida. Sa'ad da Yezebel take karkashe annabawan Ubangiji, ya ɓoye 100 a kogo biyu, hamsin hamsin, yana kai musu abinci da ruwa. Bai bar aikin fada ba, da aikin ya cece su. A ƙarƙashin wannan sarki kuma dattawan Yezreyel suka sami wasiƙu da hatimin Ahab, cewa a yi shelar azumi, a kawo shaidun zur biyu a kan Nabot. Sun san Nabot, maƙwabcinsu ne, sun san gonar inabin ta gādo ce. Ba a rubuta cewa ko ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki ba. Suka aikata, suka aika da rahoto an gama. Duk wanda ya taɓa zama a gaban mai unguwa kan rikicin iyakar gona ya san cewa ran da dattawa suka yi shiru, marar gata ba shi da sauran wurin zuwa.

Waɗannan ba tatsuniya ba ne, gama ƙasa ta fito da hatimansu. A 1982 masu tonon tarihi a tsohuwar Urushalima suka sami tarin ƙananan curin yumɓu da ake manna wa wasiƙa, wutar da Babilawa suka sa wa birnin ta gasa su. Ɗaya yana ɗauke da sunan Gemariya ɗan Shafan. Shi ne wanda Baruk ya karanta littafin Irmiya a ɗakinsa, yana kuma cikin mutum uku da suka roƙi sarki Yehoyakim kada ya ƙone littafin, sarki ya ƙi, ya bi shi da wuƙa yana jefawa a wuta. A 2005 da 2008 aka sami hatiman Yehukal ɗan Shelemiya da Gedaliya ɗan Fashur, biyu daga cikin fadawan da suka sa aka jefa Irmiya a rijiya mai laka. Wanda ya fid da shi kuwa baƙo ne daga ƙasar Kush, kudu da Masar, wato ɗan Afirka: Ebed-melek, bāban fada. Ya tunkari sarki Zadakiya a bainar jama'a a ƙofar Biliyaminu, ya sami izini, har ya tuna ya jefa wa annabi tsummoki ya sa a hammata don kada igiya ta yanke shi. Ba a sami hatimin Ebed-melek ba, amma Ubangiji ya aika masa da alkawari na musamman cewa zai tsira da ransa ran da birnin zai faɗi.

Akwai kuma Shebna, sarkin gidan Hezekiya, wanda Ishaya ya tsauta wa don yana sassaƙa wa kansa babban kabari a dutse, ya ce za a tuɓe shi a ɗora makullin gidan Dawuda a kafaɗar Eliyakim. A 1870 aka sami rubutun wani kabari a Silwan, daura da Urushalima, na wani mai wannan muƙami. Sunan ya karye, amma masana da yawa suna ganin Shebna ne. Dutsen yana gidan tarihi na Landan.

Labarin Yusufu da Daniyel yara ma sun san shi, ba sai na tsaya ba. Nehemiya ne nake so a duba. Ya yi gwamnan Yahuza shekara 12, daga 445 kafin Almasihu, a ƙarƙashin sarkin Farisa. Gwamnonin da suka riga shi sukan karɓi abinci da shekel 40 na azurfa, barorinsu ma suna danne mutane. Shi bai karɓi rabon gwamna ba, ko da yake doka ta ba shi, alhali mutum 150 suke ci a teburinsa, ana yanka sa ɗaya da tumaki 6 kowace rana. Dalilinsa biyu ne, tsoron Allah, da kuma nauyin da ya riga ya yi wa jama'a yawa.

A Sabon Alkawari mulki na Romawa ne. Bilatus ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, an kuma sami dutse mai sunansa a Kaisariya a 1961. Sau uku ya ce bai sami laifi ga Yesu ba, duk da haka ya ba da shi don tsoron kada ƙara ta kai Roma. Haraji kuwa kwangila ake bayarwa, mai karɓa ya biya gwamnati, abin da ya ƙara a kai nasa ne. Shi ya sa aka ƙi jinin su Zakka na Yariko. Amma ku lura, da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce kada su karɓi fiye da ƙa'ida, kada su yi ƙwace ko ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Karniliyus soja ne, mutumin Habasha da Filibus ya yi wa baftisma ma'ajin sarauniya ne, Arastus kuma ma'ajin birnin Koranti. Na faɗi wannan saboda har yanzu akwai iyaye a cikinmu da suke jin tsoro in ɗansu ya sami aiki a ƙaramar hukuma, ko ɗan sanda, ko ya nemi kansila, suna ganin ya kama hanyar ɓata. Hatsarin gaskiya ne, dattawan Yezreyel shaida ne. Amma da Obadiya ya zauna a gida, wa zai kai ruwa kogo?

Ikilisiya ma muƙaminta na farko bayan manzanni daga gunaguni ya fito, kan rabon abinci. Masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a rufe maganar ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum 7, kuma dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, ga alama daga ɓangaren masu kukan aka ɗauko su. Haka kuma da Bulus ya tara gudummawa don matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki jakar shi kaɗai ba, ko da yake manzo ne. Ya aiki Titus Koranti tare da 'yan'uwa biyu, ɗayansu ikilisiyoyi ne suka zaɓe shi ya raka kuɗin, ya kuma gaya wa Korantiyawa su ma su fid da nasu amintattu, ya ba su wasiƙa, su kai baikon har Urushalima da hannunsu.