Tallafin da ’yan sandan hanya ke samu a Accra

Yawancinmu a Nima da Maamobi da trotro ko tasi muke zuwa kasuwa da makaranta da wurin aiki. Masu sa wa waɗannan motocin haya ido su ne ’yan sandan sashen MTTD, suna aiki tare da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NRSA, wadda dokar 2019 ta kafa. Wani ɓangare na kuɗin hukumar daga asusun gyaran hanyoyi yake fitowa.

Akwai kuma tallafi daga waje. A 2015 gidauniyar Bloomberg ta Amurka ta sa Accra cikin birane goma da ta tallafa wa don rage mace-mace a kan titi. Ta wannan shiri ’yan sanda suka samu horo da na’urorin auna gudun mota.

Dokar hanya ta 2012 ta ƙayyade gudu: kilomita 50 a awa cikin gari, 30 kusa da makaranta, kasuwa ko masallaci. Direbobin nan ’yan’uwanmu ne, yaran da ke tsallaka titi kuma ’ya’yanmu ne. Mu tuna wa juna kafin ɗan sanda ya tsayar da mu. Allah ya kiyaye hanya.