Amsoshin Tambayoyinku: Gwajin Sabon Magani Da Abin Da Ya Faru A Kano A 1996

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Ƙofar Nassarawa a birnin Kano, ya rubuto yana tambaya: wai da gaske ne a Amurka akwai dokar da ta yarje wa majinyacin da ciwo ya ci ƙarfinsa ya sha maganin da ba a gama gwadawa ba?

To Malam, gaskiya ne. A watan Mayu na 2018 Shugaba Donald Trump ya sa wa dokar hannu. Amma fa da sharuɗɗa: ciwon ya zama mai kisa, magungunan da aka amince da su sun gaza, sabon maganin ya tsallake matakin farko na gwaji, sannan majinyaci ya yarda a rubuce. Dokar kuma ba ta tilasta wa kamfani ya ba da maganin ba.

Muhimmancin wannan yarda a rubuce, ai ku Kanawa kun fi kowa saninsa. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana da sabon magani mai suna Trovan. Ya ɗebi yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani magani sananne. Yara 11 suka rasu, biyar daga ɓangaren Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka nakasa.

Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki, kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001 ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tabo na cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa.

Yanzu a Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana gwaji a jikin mutum sai da yardarsa a rubuce, in yaro ne da yardar iyayensa. Saboda haka, Malam, in aka zo maka da sabon magani, tambayi ko na gwaji ne, wa ya amince da shi, mene ne illarsa. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba. Kana da damar cewa a'a, kuma ƙin yardarka bai hana a duba majinyacinka ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.