Gashin Gida da Gashin Asibiti: Tarihin Jinyar Ciwon Kwatangwalo a Karkarar Arewacin Kano

Kalmar gashi tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, idan manomi ya taso daga gona ƙugunsa ya riƙe, abin da ake fara yi masa a gida shi ne a tsoma tsumma a ruwan zafi a riƙa danna masa, sa'an nan a bi da man shanu ko man kaɗanya a murza. Da likitancin Turawa ya zo da wani fanni na gyaran gaɓoɓi ba tare da fiɗa ba, sai Hausawa suka laƙaba masa wannan tsohon suna, suka ce gashin ƙashi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba yadda aka yi wannan aron suna, da abin da ya haifar.

Ƙasar da ta kama daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a wanda Michael Mortimore ya nazarta a shekarun 1960. A nan ba a barin gona ta huta. Kowace shekara sai an kai mata taki, an nome ta, kuma galibin aikin a duƙe ake yin sa da fartanya. Saboda haka magidancin da kwatangwalonsa ya riƙe a lokacin firi ko maimai, abincin gidansa na shekara ne ya shiga haɗari.

Jinya a da ta rarrabu ne bisa abin da ake zaton ya kawo ciwon. In an ce sanyi ne ko amosani, sai gashi da tausa. In an ce mataccen jini ne, sai wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho. In kuwa faɗuwa aka yi daga jaki ko bishiya, sai a nufi maɗori. Abin lura a nan shi ne, mai ciwo yakan ce ƙugu ko kwankwaso ko kwatangwalo ba tare da ya bambance su ba, alhali ciwon ƙashin baya daban, na gaɓar da ta haɗa cinya da ƙugu daban.

Ba a ƙwace wa maɗora gwanintarsu a kan karayar hannu ko ƙwauri, inda ake iya laluben ƙashi a jera kara a ɗaure. Amma gaɓar kwatangwalo ta fi ƙarfin kara. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani kwarmi can ƙarƙashin tsoka mai kauri, yatsa ba ya kai masa. In wuyan ƙashin ya karye, sau da yawa hanyar jinin da ke ciyar da kan ita ma ta yanke, sai ya ƙi haɗewa. Haka kuma amosanin jini, wato sikila, yakan toshe waɗannan hanyoyi har kan ƙashin ya mutu ya lotsa. Irin waɗannan, ko an shekara ana gasawa, ƙarshensu ɗingishi ne.

Gashin asibiti ya shigo Nijeriya a 1945 ta hannun wasu Turawan Ingila biyu a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Ikko. An buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digiri a fannin a 1966. Daga baya aka kafa makarantar koyar da shi a Kano, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

To, sunan da aka ara ya taimaka, domin ya sa mutumin karkara bai ɗauki abin baƙo ba. Sai dai ya zo da nasa cikas. Wanda aka ce ya je gashi, zafi yake sa ran ji, na fitila ko na na'ura, alhali a wajen masana fannin zafin share fage ne kurum. Ainihin maganin shi ne motsa gaɓar da ƙarfafa tsokar ɗuwawu da ta cinya, aikin da mai ciwo zai riƙa yi da kansa safe da yamma har tsawon makonni. Manomin da ya biya kuɗin mota daga Ɗambatta, aka ce ya kwanta ya ɗaga ƙafa sau goma, yana iya ganin ba a yi masa komai ba, balle da damina, lokacin da yini guda ke da tsada. Hatta riƙon sanda sai an sake koya masa: shi yakan riƙe ta a ɓangaren da ke ciwo, mai gashi kuwa zai mayar masa da ita ɗaya hannun, domin ta haka ne nauyi ke raguwa a kan gaɓar.