Daga Man Kaɗanya Zuwa Igbobi: Taƙaitaccen Tarihin Tausa

Mahaifina ya shekara fiye da talatin yana sana'ar goro a nan Sabo, Ibadan, kuma ɗaukar huhu tun ƙuruciya ya bar masa ciwon baya. Kullum bayan Isha'i ni ke masa tausa da man kaɗanya. Da gyambon ciki ya kama shi, likita ya hana shi ƙwayoyin kashe zafin da ya saba sha, ya tura mu sashen gashin ƙashi. Da Baba ya ga ana murza masa baya, sai ya ce mini, "Yanzu tausar ma sai an zo asibiti?" Wannan tambaya ce ta sa na shiga bincike.

Ashe tausa ta daɗe a littattafan likitanci. Ibn Sina ya yi bayanin ire-irenta, mai ƙarfi da mai taushi, a cikin Al-Ƙanun da ya kammala a 1025. A Turai kuwa, Per Henrik Ling ya buɗe makarantar motsa jiki a Stockholm a 1813, inda aka koyar da magance ciwo da motsi da hannu. A 1894 wasu nas-nas mata huɗu a Ingila suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, don a bambanta su da masu ɓata sunan sana'ar. Ita ce ta zama ƙungiyar masu gashin ƙashi ta Birtaniya.

Yaƙi ne ya kawo aikin Nijeriya. A 1945 Turawa biyu suka fara shi a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, domin sojojin da suka dawo daga Bama da raunuka, kuma 'yan Arewa na da yawa cikin waɗanda suka je wannan yaƙi. A 1966 Jami'ar Ibadan ta fara karatun digiri a fannin.

To me ya sa murza ke rage zafi? A 1965 Melzack da Wall suka yi bayanin cewa saƙon taɓawa yana tare wani ɓangare na saƙon zafi a laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa in ka bugu, kake saurin shafa wurin.

Sai dai a yi hattara. Sauƙin tausa na ɗan lokaci ne, ba ta tumɓuke tsohon ciwo, sai an haɗa da motsa jiki. Kuma ba a murza karaya ko ƙafar da ta kumbura farat ɗaya, asibiti ake zuwa.

Yanzu Baba yana tafiyar ƙafa bayan Asuba, da dare in yi masa tausa. Bayan bai daina ciwo ba, amma yana ruku'u ba tare da ya dafa bango ba. Samarinmu 'yan dako da suka jingina da tiramol nake tausaya wa. Allah Ya ba mu lafiya, amin.