Hunturu a Legas: abin da ya kamata a tanadar wa dattijon da ke zaune shi kaɗai

Mu da muka taso tsakanin Ogba da Agege mun saba jin 'yan Arewa suna cewa wai Legas ba a sanyi. Gaskiya ne ɗarin nan bai kama ƙafar na Kano ko Jos ba. A Arewa hunturu kan fara tun ƙarshen Nuwamba ya kai har Maris, iskar tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Mu nan sai wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu take iso mu, wata shekarar ma kwanaki kaɗan ta wuce. To amma wannan rainin da muke mata shi ke sa ba ma shiri, kuma waɗanda abin ke faɗa wa su ne dattawan da ke kwana su kaɗai: tsofaffin dillalai, masu gadi, 'yan koli, waɗanda iyalansu ke can gida.

Akwai wani abokin mahaifina, sun shekara da shekaru suna harkar shanu tare a Oko-Oba. Wata Asuba ba a gan shi a sahu ba, mutumin da ba ya fashi. Baba ya ce in je in duba. Na yi ta bugun ƙofa kafin ya iya jan jiki ya buɗe, kansa na sara, yana layi kamar wanda ya sha wani abu, ya yi amai a gefen tabarma. Kaskon gawayi ne a kusurwar ɗakin, taga a rufe, har ƙasan ƙofa ya toshe da tsumma. Da ya samu kansa ce min ya yi, "Yaro, ai ba hayaƙi a ciki, sai da ya ruru na shigo da shi."

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Gawayi ko ya ruru ya yi jajir, yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini sai ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi, wanda kuma ke barci ba ya jin komai har ta gama da shi. Irin ta ce janareta ke fitarwa, shi ya sa ajiye janareta a baranda ko bakin taga a gidajen haya na ɗaki-ɗaki haɗari ne ga kowa. Risho ma in aka bar shi yana ci a rufaffen ɗaki haka ne. In ka samu mutum a wannan hali, ka buɗe ƙofa da taga, ka fito da shi waje, a wuce asibiti ko da ya ce ya warware. Manja da madara da ake ɗura wa mutum ba sa cire gubar, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa zai iya shaƙewa.

Kuɗin gawayin wata guda zai sayi bargo mai kauri a gwanjo. A haɗa da rigar sanyi, hular sanyi da safa, a ɗaga shimfiɗa daga kan siminti ko da katifa ce 'yar ƙarama. Fulas na ruwan zafi shi ne na fi ba muhimmanci, don a dafa da dare, ya sirka ya yi alwalar Asuba ba sai ya kunna wuta cikin duhu ba. Wanda ruwa ke tayar wa da ciwo ya tambayi malaminsa hukuncin taimama, addini ya yi sauƙi a nan. A ba shi tocila a raba shi da kyandir, domin a hunturu komai a bushe yake, gobara ba ta jira.

Sai ƙura. Ita ce ke tayar da asma da tsohon tari. Mai abin shaƙa a duba masa tun yanzu ko ya ƙare ko ya lalace, ya riƙa sa takunkumi ko ya ja rawani ranar da hazo ya sauka. Ciwon huhu a jikin tsoho wani lokaci ba ya zuwa da zazzaɓi mai zafi. Sai dai ka ga numfashi ya yi sauri, ya daina cin abinci, ko ya fara rikicewa a magana. Wannan ba na kemis ba ne. Sanyi kuma yana ɗaga hawan jini, don haka a sayo maganin wata guda a ajiye. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko harshe ya harɗe, a tafi a take.

Tsofaffi ba sa jin ƙishi sosai lokacin sanyi, a riƙa tuna musu shan ruwa. Man kaɗe ko basilin na maganin kaushi da faso, mai ciwon suga kuwa a riƙa duba masa ƙafa, don ƙaramar tsaga na iya zama gyambo.

Lambobin gaggawa na jihar Legas 112 ne da 767, kyauta ake kira, ana samun motar asibiti da 'yan kwana-kwana. Asibitocin gwamnati da ke kusa da mu akwai na Orile Agege da na Ifako-Ijaiye, sai asibitin koyarwa na jiha a Ikeja. Amma kun san cunkoson hanyarmu, gara a san mai keke ko mai mota a layin da zai tashi ko tsakar dare ne. A rubuta lambar ɗansa ko ƙaninsa da sunayen magungunansa a takarda a manna a bango, a bar makulli ɗaya wurin maƙwabci amintacce, a tabbatar wayarsa na da caji da kati.

Masu iyaye a gida Arewa, naku shirin ya fi namu nauyi, don can sanyin dare na gaske ne, ga sanƙarau da lokacinsa ke kamawa daga Disamba zuwa Yuni. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti ne kai tsaye. Ku ba direbobin tirelar shanu masu komawa saƙon bargo tun Nuwamba, ku kuma ɗaura wa wani takamaiman mutum a unguwa alhakin leƙa su kullum da safe, ku riƙi lambarsa.